Tarihin Abubuwan Shan Da Kakanninmu Ke Haɗawa Daga 'Ya'yan Itatuwan Daji

Gabatarwa

A duk shekara idan lokacin taron gida ya zagayo, ko kuma hutun Sallah ya zo, mukan taso daga Kano da Kaduna da Abuja da Legas da Fatakwal, motocinmu maƙare da tsaraba. A cikin tsarabar nan da wuya a rasa katan-katan na lemon kwalba da na gwangwani, waɗanda da su ake tarbar baƙi a zaure, da su kuma ake jiƙa maƙoshi a filin taro. Mun saba da haka har ta kai yaran da aka haifa mana a birni suna zaton tun fil azal abin da ake sha ke nan a gida. Alhali kuwa duk wanda ya yi wayo kafin farin 1973 ya san lokacin da baƙo zai sauka a gidanmu a tarbe shi da ruwan tsamiya mai sanyin randa, ko farau-farau, ko fura da aka dama da nono da garin 'ya'yan kuka, ba tare da an kashe ko sisin kwabo ba.

Manufar wannan maƙala ita ce waiwayar tarihin waɗannan abubuwan sha da kakanninmu ke haɗawa daga abin da suka tsinto a daji da bakin gona. Yin haka kuwa ba zai yiwu ba sai an taɓo zancen giya, domin tukunyar da ta dafa maɗi da wadda ta dafa burukutu duk maginiya ɗaya ce ta gina su. Mun san akwai 'yan uwa da za su fi son a tsallake wannan babi. Muna ba su haƙuri. Tarihi amana ne, kuma wanda bai san abin da iyayensa suka bari saboda addini ba, da wuya ya gane darajar abin da suka riƙe, wanda shi ne muke gab da yin asararsa a yau.

Dajin Da Ya Shayar Da Mu

Manomin ƙasar Hausa na da, idan zai yi sassabe, ba ya share gona tas. Akwai itatuwan da gatari ba ya taɓawa: ɗorawa, kaɗanya, kuka, tsamiya, ɗinya, kanya, danya, giginya, goruba, aduwa da magarya. Mafi yawansu ba wanda ya shuka su. Tsuntsaye da jemagu da dabbobi ne suka yar da irinsu, manomi kuma ya ga tsiron ya kewaye shi da garma. Shi ya sa gonakinmu suka kasance da inuwa jefi-jefi, dawa da gero a ƙasa, 'ya'yan itace a sama. A wurare da dama ma mallakar itacen daban take da mallakar gonar. Ana iya sayar da gona ko a ba da jinginarta amma ɗorawar da ke cikinta ta ci gaba da zama ta magada, a wasu wuraren kuma mai gari na da haƙƙi a kanta.

Hikimar da ke cikin wannan zaɓi ita ce itatuwan ba sa nuna a lokaci ɗaya. Da bazara, sa'ad da rumbu ya fara yin ƙasa, ɗorawa ke nuna. Mata su daka ta su fitar da garin nan rawaya mai zaƙi wanda ake damawa a ruwa a sha, su ware kalwa domin daddawa, ɓawon kuma ya zama makuba ta yin daɓe. Daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina sai nunu, wato 'ya'yan danya, su fara zubowa, sannan kaɗanya ta biyo baya daidai lokacin da manomi ke noman fari da yunwa a cikinsa. Ɗinya takan yi baƙi wajen ƙarshen damina zuwa kaka. Da iskar hunturu ta kaɗa kuwa sai tsamiya da kuka da kanya da magarya da aduwa su karɓi aiki. Goruba ita ba ta da gaggawa, a ajiye ta wata da watanni tana nan.

Kowane ɗaya daga cikinsu yana da hanyar da ake mayar da shi abin sha. Tsamiya jiƙa ta ake yi a tace, a sha da zuma ko mazarƙwaila, ko a dama kunu da ita, musamman a watan azumi. Kuka akan fasa ƙwallonta a jiƙa farin garin da ke manne da 'ya'yan, ya ba da ruwa mai kauri da ɗan tsami. Goruba akan sassaƙe bayanta a daka a jiƙa. Amma sarauniyarsu ita ce ɗinya, wadda daga gare ta ake yin maɗi. Akan tsinto nunannu a wanke, a murje su cikin ruwa har naman ya rabu da ƙwallon, a tace, sannan a ɗora a wuta a yi ta dafawa ana juyawa har ruwan ya ƙone ya bar wani abu baƙi mai danƙo. Aiki ne na yini guda da itace mai yawa. Abin da aka samu kuwa yakan daɗe a ajiye, a riƙa ɗiba ana sirkawa da ruwa ko a zuba a kunu. Kafin sukarin kanti ya wadata, zaƙin talaka ke nan tare da zuma da rake da takanɗa.

Tsakanin Zaƙi Da Maye

Duk abin da muka lissafa a sama halal ne, kuma yara da manya ke sha. To amma duk macen da ta taɓa jiƙa nunu ko garin ɗorawa ta manta da shi a tukunya ta san abin da ke biyo baya. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ruwan ya fara kumfa, ƙamshinsa ya sauya, zaƙin ya ragu, wani ɗan kaifi ya shigo. Idan aka ƙara masa kwanaki sai ya bugar da wanda ya sha. Idan aka ƙyale shi gaba ɗaya kuma sai ya koma tsami zalla.

Masana kimiyya sun yi bayanin wannan tun a ƙarni na 19, lokacin da Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya nuna cewa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani ke yin aikin. Yis, irin wanda masu burodi ke sawa a ƙullu, yana nan a jikin ɓawon 'ya'yan itace da cikin iska da kuma ƙofofin tukunyar ƙasa da ƙwarya. Idan ya samu ruwa mai zaƙi da ɗumi sai ya cinye sukarin, ya fitar da iskar da ke sa kumfa da kuma sinadarin da ke sa maye. Daga baya wasu ƙwayoyin su juya wannan sinadari ya zama tsami. Dafuwar da ake yi wa maɗi ita ke kashe yis ɗin, yawan sukarin da ya taru kuma ya hana wani sabo rayuwa a ciki. Ke nan ɗinya ɗaya ce, amma wadda aka kai murhu ta zama maɗi, wadda aka bari a tulu kuma ta kama wata hanyar.

Kakanninmu mata ba su san sunan yis ba, amma sun san halinsa sarai. Sun san jiƙon bazara ba ya kwana kamar na hunturu, sun san tukunyar da ta taɓa tsima abu takan gaggauta tsima na gaba, shi ya sa ake wanke ta a kife a rana. Malamanmu kuma sun zo da ƙa'idar da ta dace da wannan sani. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, kuma har yau ake karanta shi a zaurukanmu, ya kawo hani a kan haɗa nau'i biyu na 'ya'yan itace a jiƙo ɗaya, da kuma yin jiƙo a cikin gora ko mazubin da aka shafe da ƙaro, kuma malamai sun bayyana cewa dalilin shi ne waɗannan na gaggauta juyewar abin sha. Haka nan ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa akan jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa ya sha, amma ba a bari ya wuce yammacin rana ta uku. Iyakar da ke tsakanin halal da haram a nan lissafin kwana ce da tsabtar mazubi, kuma matan gida ne suka yi gadin wannan iyaka shekaru aru-aru.

Giya A Zamanin Da

Cewa an yi giya a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Musulunci ba abin musu ba ne. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, kuma aka buga shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya lissafa manyan mutanen da ke kewaye da Dutsen Dala a zamanin Barbushe. A cikinsu akwai Gijigiji maƙeri, da Hanburki mai magani, da kuma Bugazau mai dafa giya. Sanya sunan mai giya a jere ɗaya da maƙeri da mai magani ya nuna matsayin sana'ar a wancan zamani, lokacin da ake zuba giya a wurin tsafi, a sha ta a wurin biki da wurin makoki.

Ginshiƙin giyar ƙasar nan hatsi ne, musamman dawa. Akan jiƙa ta, a shimfiɗa a rufe da ganye har ta yi tsiro cikin 'yan kwanaki, a shanya, a niƙa, a dama, a dafa, a bari ta yi tsami, a sake dafawa, sannan a bar ta ta tashi. Tsiron nan shi ne sirrin aikin, domin shi ke juya garin hatsi ya zama sukari. Abin da ya fito mai kauri shi ne burukutu, wanda aka tace ya yi tsararo kuma ana kiransa fito a wurare da dama. Daji ma yana da hannu a ciki. A sassan Afirka ta Yamma masu dafawa kan yi amfani da yauƙin ɓawon dargaza ko karan kuɓewa domin ƙullun ya kwanta, wasu kuma su ƙara zuma ko saiwoyi. Inda ake da giginya da tukurwa da kwakwa kuwa akwai bammi, wanda ba ya buƙatar wuta ko kaɗan. Ruwan itacen ne ake tara, da safe yana da zaƙi, kafin yamma ya fara bugarwa, washegari ya yi tsami. Sai dai tatsar giginya kan kashe ta, domin a ƙoƙon kanta ake yanka, abin da ya sa wuraren da suka san darajar azara da muruci ba sa wasa da masu wannan sana'a.

Musulunci ya shigo Kano ta hannun Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, ya ƙara ƙarfi a zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Amma al'ada ba ta gushewa dare ɗaya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya sanya ci da sha ba tare da kula da halal ko haram ba a cikin laifuffukan da ya tuhumi sarakunan zamaninsa da su. Jihadin da aka fara a 1804 ya kori giya daga fada da cikin birane, ta koma ƙauyukan Maguzawa, waɗanda aka bar su da al'adarsu bisa biyan jiziya, da kuma zangon fatake na gefen daula. Kyaftin Clapperton, Baturen da ya rasu a Sakkwato a 1827, ya yada zango a 1826 a garin Kulfo da ke kan hanyar fatake tsakanin Nufe da ƙasar Hausa, a gidan wata attajira da ke sayar da gishiri da kanwa da bammi da wata giya da ake kira buza. Ya rubuta cewa da dawa da zuma da barkono da saiwar wata ciyawa ake haɗa ta, a bar ta kwana huɗu ko biyar a manyan tukwane kusa da wuta.

Fiye da shekara ɗari bayan haka, wani masani Ba'amurke mai suna Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya kuma wallafa littafi a kansu a 1946. Ya tarar giya na nan a tsakiyar bukukuwansu da sadaukarwarsu ga iskoki. Haka ma a wurin gayya, inda mai gona ke tara jama'a su yi masa noma ya biya su da ci da sha. Abin lura a nan shi ne, da garuruwanmu suka musulunta gayya ba ta mutu ba. Abin da ke cikin tulun ne ya sauya, fura da kunu suka maye gurbin burukutu. Hatta dabarar tsiro ba a yar da ita ba, domin har yau mai kunun zaƙi takan sa tsiron shinkafa ko na dawa don kununta ya yi zaƙi ya tsinke, sai dai ita takan sayar da shi a ranar, ba ta bari ya kwana biyu. Wannan tarihi namu ne gaba ɗaya, Musulminmu da Kiristanmu da 'yan uwanmu da suka rage a kan al'adar gargajiya, kuma babu wanda ya isa ya yi wa wani gori da shi.

Zuwan Turawa Da Kwalba

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 ba a san ƙasar Hausa da sana'ar tace barasa ta hanyar tururi ba. Wannan ita ce dabarar da ake dafa abin da ya riga ya tsimu, a tare tururinsa a bututu mai sanyi, ya ɗigo da ƙarfin da ya ninka na burukutu sau da yawa. Irin wannan barasa a kwalba Turawa ke kawo ta gaɓar teku suna musayar manja da ita. A taron da ƙasashen Turai suka yi a birnin Brussels a 1890 an amince a hana shigar da ita yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma da Ingila ta kafa mulkinta a Arewa daga 1900, ta ci Kano da Sakkwato a 1903, sai aka sanya Arewa a cikin yankin da aka haramta sayar wa 'yan ƙasa barasar Turawa.

Dokar ta yi aiki a takarda fiye da a ƙasa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari jim kaɗan bayan haka domin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi, kwalba kuma ta riƙa biyo dogo a ɓoye. A farkon shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye kuma barasar waje ta yi tsada, dabarar tace bammi ta bazu a Kudu, aka samu ogogoro, wanda Turawa suka haramta suka yi ta farautar masu yinsa. Daga nan sai zamanin masana'antu. An fara yin giyar kwalba a Legas a 1949, aka fara cika lemon Coca-Cola a Nijeriya a 1953, sannan aka buɗe kamfanin giya a Kaduna a 1963. Ta fuskar doka kuma, kundin Final Kod na Jihar Arewa da ya fara aiki a 1960 ya sanya hukunci a kan Musulmin da ya sha barasa, sannan daga 1999 Jihar Zamfara ta buɗe ƙofar faɗaɗa aiki da Shari'a, jihohi goma sha biyu, har da ita, suka bi wannan tafarki.

Burukutu ya ja baya a garuruwanmu saboda wa'azi da doka, wannan kuwa zaɓi ne da al'umma ta yi da saninta. Amma maɗi da ruwan goruba da jiƙon ɗorawa babu malamin da ya yi wa'azi a kansu, babu dokar da ta hana su. Kunya ce ta kore su. Mu da muka je makaranta muka samu aikin albashi, mu ne muka fara ganin ƙwaryar ruwan tsamiya ƙauyanci ce a gaban baƙo, kwalba kuma wayewa. Abin mamaki, da gwamnatin soja ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje a 1988, sai manyan kamfanoni suka koma ga dawar da manomanmu ke nomawa, suna yin tsironta kamar yadda matan ƙauye suka saba. Lemon malt da muke saye da tsada mu kai gida, wani ɓangare nasa dawarmu ce ta je birni ta sa riga ta dawo.

Barin abin da aka sani zuwa abin da ba a sani ba yana da farashi. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan ogogoro mai ɗauke da gubar metanol. Kada mu ce wannan matsalar mashaya ce kawai. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti a Kano, wasu suka riga mu gidan gaskiya, bayan shan lemon da aka haɗa da garin ɗanɗano da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Waɗannan bayin Allah ba maye suka nema ba. Tsami suka nema, irin wanda tsamiya ke bayarwa kyauta a bayan gidan kowa.

Abin Da Wasu Suka Yi Da Irin Itatuwanmu

Danyar nan da muke sarewa mu sassaƙa turmi da akushi, ita ce mutanen kudancin Afirka ke kira marula. A arewacin Namibiya ana yin bikin shekara-shekara na nunanta, wanda hukumar UNESCO ta sanya a jerin al'adun duniya da ake karewa a 2015. A Afirka ta Kudu kuma wani kamfani ya gina barasar Amarula a kanta, ana sayarwa a ƙasashe masu yawa. Wannan hanya ba tamu ba ce, kuma ba ita muke kira a bi ba. Amma daga nunun nan dai ake yin lemo marar maye, daga ƙwallonsa kuma ake matse man shafawa mai tsada, matan karkara na can suna samun kuɗin makarantar 'ya'yansu daga tsintarsa. Haka kuka: tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yanta a matsayin abinci, garin kuwa yana ɗauke da sinadarin bitamin C da ya ninka na lemon zaƙi. Abin da akuya ke ci a gindin kukar bayan gari, a can a ƙaramin mazubi ake auna shi.

Halin Da Itatuwan Ke Ciki

Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 sun kashe itatuwa masu yawa a Arewa, amma abin da fari ya bari gatari ne ke ƙarasa shi. A nan ne ya kamata mu 'yan birni mu dubi kanmu. Buhun gawayin da muke ɗorawa a bayan mota idan za mu koma bakin aiki, sau da yawa kaɗanya ce ko ƙirya aka ƙone. Gonar da muka saya a gida da kuɗin fansho, mu ne muke sa a tumɓuke duk itacen da ke cikinta don tarakta ta samu hanya. Filin da muka yanka muka yi fuloti, wataƙila a nan ɗinyar da muka yi wasa a gindinta take. Ɗorawa kan ɗauki shekaru da dama kafin ta fara 'ya'ya, kaɗanya takan kai shekara 15 zuwa 20, kuka kuwa tana iya haura shekara 1,000 a raye. Injin yankan katako ba ya buƙatar ko awa ɗaya a kan kowace daga cikinsu. Tare da itacen kuma sanin ke tafiya, domin tsofaffin matan da suka iya dafa maɗi suna ƙarewa, jikokinsu kuwa da yawa ba za su iya bambance ganyen ɗinya da na kanya ba.

Gyara mai yiwuwa ne, kuma misalinsa na kusa da mu. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, tun daga wajen 1983, manoma Hausawa irinmu suka koma ga barin kututturan da ke tohowa a gona, suna rage rassan su bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi su girma. Suna kiran abin sassaben zamani. Ba a kawo irin dashe daga ko'ina ba, ba a yi ban ruwa ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Idan aka duba da kyau, dabarar kakanninmu ce ta kewaye tsiro da garma aka dawo da ita.

Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, muna miƙa shawarwari ga 'yan uwa mazauna birane. Duk wanda ke da gona a gida ya ja kunnen mai kula da ita cewa kada a sare ɗorawa ko ɗinya ko kaɗanya ko tsamiya ko danya, kuma a bar sabbin da ke tohowa. Ɗalibanmu da ke manyan makarantu, musamman masu karatun Hausa da tarihi da kimiyyar abinci, su yi amfani da hutunsu su zauna da kakanninsu mata, su rubuta yadda ake yin kowane jiƙo da kowace dafuwa, da sunayen kayan aikin, da tsawon lokacin da kowanne ke ɗauka kafin ya juya. Iyayenmu sarakuna da masu unguwanni kuma muna roƙon su farfaɗo da tsohuwar ƙa'idar da ta hana taɓa itace mai 'ya'ya ba da izini ba.

Sannan akwai abin da ya fi duk waɗannan sauƙi. A taron gida mai zuwa, cikin kuɗin da aka saba warewa domin lemon kwalba, a ɗebi wani kaso a ba matan gari su haɗa ruwan tsamiya da na kuka da na goruba, a yi shi da tsabta da tafasasshen ruwa a safiyar ranar, a nemo tsohuwar da ta iya maɗi a biya ta haƙƙinta ta dafa a gaban 'yan mata. Kuɗin zai tsaya a gida, yaranmu na birni kuma za su ɗanɗana abin da ya raini iyayensu. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka bar mana inuwar da ba su san wanda zai zauna a cikinta ba. Allah ya ba mu ikon barin irinta ga na bayanmu, ya albarkaci garinmu da zuriyarsa a duk inda suke, amin.